Wasiƙa: Har yaushe zamu zauna muna danna Next a gaban kwamfuta?

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ɗan sammin fili in yi magana da 'yan uwana masu gyaran kwamfuta na nan Kano, da masu makarantu da cibiyoyin jarrabawa, akan wani abu da ya daɗe yana cimin tuwo a ƙwarya.

Ni mai gyara ne, ina da ɗan shagona a wajen titin Beirut, na haura shekara 10 a wannan harka. Abun da yasa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shine, kwanakin baya an kirani wata makaranta can gefen Hotoro in duba musu firinta, ina shiga ɗakin kwamfutarsu na tarar da samari uku sunyi jigum, an siyo laftof 40 'yan landan yus an zube akan tebura, suna girka musu Windows, filash ɗaya tal ne a hannunsu, wannan ya gama ya miƙa wa wancan. Nace tun yaushe kuke nan, sukace yau kwana na uku kenan kuma ko rabi basu yi ba. Wallahi tausayi suka bani, don nima haka na taso, haka ogana ya koyamin, ka saka filash, ka zaɓi yare, ka zaɓi kibod, ka yarda da sharuɗɗan da ba wanda yake karantawa, ka goge fatishan, ka zauna kana kallon kashi nawa ya kai, in ya gama ya tambayeka suna, ya tambayeka ƙasa, yace sai ka haɗa intanet, ya kawo maka tambayoyin sirri guda uku, sannan ka dawo neman draiba, sannan Chrome, sannan abun buɗe PDF. Ka gama da ɗaya ka koma ta gaba ka sake daga farko kamar mai jan carbi.

Alhali duk amsoshin nan iri ɗaya ne. Tambayar da kwamfuta ta farko tayi maka ita ta arba'in zata yi, amsar da ka bata ita zaka sake bayarwa. To me zai hana ka rubuta amsoshin sau ɗaya a takarda ka miƙa mata ta karanta da kanta?

Kuma wannan takardar akwai ta, ba yau aka ƙirƙiro ba. A Windows wani ɗan fayil ne mai suna autounattend.xml, ko rabin hoto ɗaya na waya bai kai girma ba. Ka ajiye shi a bakin ƙofar filash ɗin, wato ba cikin wata folda ba, da zarar Windows ya tashi zai fara girka kansa sai ya duba ko akwai fayil mai wannan suna, in ya gani shikenan ya daina tambayarka. A ciki kake rubuta yaren da kake so, da wanne Windows ne Home ko Pro, da yadda za'a yanka had disk, da sunan mai amfani, da agogon ƙasa, har ma da umarnin da kake so ya gudana a shigar farko, misali ya girka maka manhajojin da ka ajiye a wata folda. Microsoft da kansu suna bada abun haɗa shi kyauta, Windows System Image Manager, yana cikin kunshin da suke kira ADK, duk da dai gaskiya yana da ɗan rikitarwa a farko, ni kaina sai da na kwana biyu ina zaginsa kafin muka fahimci juna. Amma in ka buɗe fayil ɗin da Notepad zaka ga rubutu ne kawai, wanda ya iya karanta turancin sakandare zai gane inda sunan yake da inda agogo yake ya canza.

Abun dariyar ma, da yawa daga cikinmu suna amfani da shi basu sani ba. Duk wanda yake ƙona filash da Rufus, manhajar da ake ɗora Windows a filash da ita, tun daga 2022 ya san wannan ɗan akwatin da yake fitowa kafin ya fara, yana tambayarka ko in cire maka sharaɗin TPM, wato ɗan na'urar tsaro da Windows 11 yake nema a kwamfuta, ko in buɗe maka akawun da suna kaza, ko in tsallake tambayoyin nan na tattara bayanai. In ka yi tik, ba wani tsafi yake ba, irin wannan fayil ɗin yake rubutawa ya cusa a filash ɗinka. Kaga ashe ƙafarmu ɗaya tana ciki, sauran mu shigo da ɗayar. Haka Ventoy, wanda ya fito a 2020 ya hutar damu yawo da filash biyar a aljihu, shima yana da wajen da zaka haɗa kowanne ISO, wato kunshin da ake girka Windows daga shi, da fayil ɗin amsoshinsa, in ka zaɓa ya tambayeka da wanne zan girka.

Bari in ɗan kauce in faɗi wani amfani da ba'a kula da shi. Yawancin kwamfutocin da ake wa fomatin a garin nan, in ka duba zaka ga agogonsu yana Amurka, ƙasa ma Amurka, saboda yaron da yayi aikin yana sauri ya danna Next ya wuce. Shi yasa zaka je bizines senta a buga maka takarda ta fito a karkace ko ƙasan ya yanke, don Word ya ɗauka takardar Amurkawa ce ta Letter alhali A4 muke amfani da ita. A fayil ɗina na saka agogon W. Central Africa Standard Time wanda shine namu, na saka Najeriya, sannan na ƙara kibod ɗin Hausa, eh akwai shi a cikin Windows tun tuni, lambarsa 0468:00000468. Duk kwamfutar da ta fita daga shagona mai ita zai iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba sai ya je yana kwafo su daga wani waje ba. Ku da kuke aikin jarida kun fi kowa sanin bambancin ƙasa da kasa, da baƙi da baki. Da hannu kam ba wanda zai tsaya yana saka wannan a kowacce kwamfuta, ni kaina da mantawa nake, amma fayil baya mantuwa.

To amma fa Malam Edita kar in zuga mutane su faɗa rami, abun nan yana da kaifi, kuma ya yankeni. Shi fayil baya tambaya, wannan shine daɗinsa kuma shine masifarsa. A cikinsa akwai layin da yake cewa goge disk mai lamba 0 gaba ɗaya, kuma zai goge ɗin ba sallama ba gargaɗi. Wata rana wani mai ɗaukar hoton biki ya kawo min laftof ɗinsa, matsalarta kawai bata tashi, tana tsayawa a tambarin Windows tana juyi, yace min Malam don girman Allah ayi a hankali, hotunan biki biyu ne a ciki ban bawa masu su ba, da na kamu da na dina. Nace kar ka damu. Na fita sallar la'asar na cewa yarona ya saka filash ya shiga wajen gyara ya jirani. Filasai biyu ne akan tebur iri ɗaya sak, baƙaƙe, kamfani ɗaya, ya ɗauki wanda yake da fayil ɗin. Yace shi dai ya danna F9 ya zaɓi filash, ya juya zai ɗauko caja, kafin ya waigo har ta fara kwafar fayiloli. Na dawo daga masallaci na tarar da sabon Windows fes yana min maraba, yaro kuma yana tsaye jikin bango kamar an zare masa laka.

Ban daki yaron ba don laifina ne, ni na ajiye wuƙa biyu a kube iri ɗaya. Allah ya taimakeni tsohon had disk ne mai juyawa ba SSD ba, na cire shi nan take na haɗa a wata kwamfutar na sake masa PhotoRec, manhajar dawo da abun da aka goge, ya kwana yana tono. Mun samo da yawa, amma ba suna ba folda, duk a cakuɗe, amaryar wancan biki kusa da angon wannan, wasu kuma sun tafi har abada don sabon Windows ya kwanta a kansu. Da SSD ne da zancen ya ƙare, don shi in an goge yawanci yana share wajen da kansa, ba'a cika samun komai ba. Mutumin nan bai zageni ba, cewa kawai yayi Allah ya kiyaye gaba ya ɗauki kayansa, kuma tun daga ranar bai sake takowa shagona ba, wanda ya fi min zagin ciwo.

Daga nan na canza tsari. Filash ɗin da yake goge komai na shafa masa jan farce na ƙanwata, ja jawur, yana cikin durowa a kulle, baya fitowa sai ranar aikin kwangila inda duk kwamfutocin ba komai a cikinsu. Na yau da kullum kuma na cire masa ɓangaren disk ɗin daga fayil, saboda in ka cire wannan ɓangaren Windows zai tsaya a nan ya tambayeka ina zan sauka, ka zaɓa da idonka, sannan ya cigaba da sauran shi kaɗai. Tambaya ɗaya kenan maimakon ashirin. Kuma a kula da kwamfuta mai disk biyu, wanda kake zaton shine 0 ba lallai shine ba. Sannan kalmar sirrin da ka rubuta a fayil ɗin ba a ɓoye take da gaske ba, ko an ɗan murɗa ta duk wanda ya san kan abun zai warware a minti ɗaya, don haka kar ka saka wacce kake amfani da ita a banki ko imel, kuma kar ka bar filash ɗin yana yawo hannun kwastomomi.

Yanzu in dawo kan masu kwamfutoci da yawa, don sune suka fi bani haushi. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma cibiyar da take son a amince da ita sai ta tanadi kwamfuta 250 da ƙarin 25 na ko ta kwana. WAEC ma ta fara nata a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. Ma'ana ɗakunan nan ƙaruwa zasu yi ba raguwa ba. To lissafa, 275, in kowacce ta ci maka awa ɗaya da hannu, awa 275 kenan, mutum ɗaya mai aikin awa 8 a rana sai ya haura wata guda, kuma a ƙarshe ba zasu zama iri ɗaya ba, wata an manta draiban netwok, wata an bar ta tana barci bayan minti biyar, ranar jarrabawa yaro yana tsaka da amsa tambaya fuskar ta ɗauke.

A irin wannan wajen ko filash mai fayil ma yayi kaɗan. Abun da ake yi shine ka gyara guda ɗaya tsaf yadda kake so, ka saka komai, ka kashe barci, ka kashe abun da zai dameka, sannan ka gudanar da Sysprep wanda yake cikin Windows ɗin, shi zai cire mata sunanta da alamomin da suka keɓanta da ita don kar duka su tashi da suna ɗaya suna rigima a netwok. Sai ka ɗauki hotonta gaba ɗaya da Clonezilla, manhaja ce kyauta da wata cibiyar bincike ta ƙasar Taiwan ta fitar. Ita kuma tana da nau'in saba, wato mai rarraba wa sauran, ka ɗora a kwamfuta ɗaya, sauran duk suna haɗe da kebul a siwic, kowacce ka tasheta ta netwok, abun da ake kira PXE, maimakon ta nemi had disk ko filash sai ta yi kira ta kebul tace wa zai bani abun tashi, sabar ta amsa ta bata adireshi ta turo mata. In sun gama taruwa sai sabar ta watsa hoton sau ɗaya kowa ya kwasa a lokaci guda, kamar mai wa'azi da lasifika, ba sai ya bi kowa gida ba. Ranar da na fara ganin layi guda na laftof suna cika tare, lamba ɗaya tana hawa a kowacce fuska, sai da na kira matata a waya, ita kuma bata gane me nake murna akai ba tace to Allah ya sanya alheri ka taho da burodi.

Nan ma akwai inda yake cizo. Na farko ka gina hoton akan wacce disk ɗinta ya fi ƙanƙanta, don Clonezilla baya son sauke babba a ƙaramin waje. Na biyu kebul ɗaya mara kyau yana iya janyo kowa baya tunda tafiyar tare ake, a jira mai ɗingishi. Sai babbar matsalarmu, wuta. In aka ɗauke ana tsakiyar watsawa ba ɗaya ce ta lalace ba, duka ne, kuma kun san batiran 'yan landan yus, rabinsu da ka zare caja sun mutu. Ni dai bana farawa sai janareta yana kunne da mai a ciki, sabar da siwic kuma suna kan inbata. Sannan in kayan gauraye ne, HP kaza Dell kaza Lenovo kaza kamar yadda ake siyo su a kasuwa, gara ka raba su gida gida.

Wani abu da nake so a gane, duk wannan ba ya baka lasisi. Fayil baya mayar da Windows na sata ya zama halal. Amma abun takaicin shine laftof da yawa da ake shigowa dasu, tun daga zamanin Windows 8 a 2012, mukullin lasisinsu yana dashe a allon da yake cikin kwamfutar, wato madabod, in ka girka irin wanda ya dace da kansa zai gano ya kunna da ta hau intanet. Sai kaga yaro bai duba ba, ya kashe antibairos ya ɗora kirak akan kwamfutar da take da lasisinta na asali, ya jawo wa mai ita ƙwayar cuta a banza. Haka waɗannan Windows ɗin da ake cewa an rage musu nauyi ana turawa a Telegram, mutane suna sonsu don suna girkuwa ba tambaya, to ai rashin tambayar fayil ɗin nan ne wani ya saka, tare da sauran abubuwan da baka san me ya cusa ba. Ka sauke na asali daga Microsoft ka rubuta naka amsoshin, ka samu saurin ba tare da ka miƙa wa baƙo mukullin gidan kwastomanka ba.

Kuma aiki yana tafe. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 yana neman TPM 2.0 da firosesa na Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama. Laftof ɗin HP irin su Folio 9470m da EliteBook 840 G3 da suka cika Beirut da Farm Centre duk basa cikin jerin. Za'a iya tura musu da ƙarfi, amma Microsoft bata yi alkawarin cigaba da basu sabuntawa ba, ya kamata a faɗa wa mai kaya gaskiya kafin a karɓi kuɗinsa. Wasu makarantun da burauza kawai suke buƙata da abun rubutu, Linux zai ishesu, kuma can ma akwai irin wannan takardar amsa, Red Hat suna kiran tasu kickstart, Debian preseed, Ubuntu kuma autoinstall.

Na taɓa kawo maganar nan a majalisarmu bayan an rufe shaguna, wani dattijo a harkar, wanda nake girmamawa don ya girmi ogana ma, yace min kai yaro kana so ka kashe mana kasuwa, in kwastoma yaga ka saka filash ka koma kana shan shayi zai ce kuɗin me zan biya, kuma yaran shago me zasu yi. Nace Baba ai kwastoma ba zaman da nayi yake biya ba, kwamfutarsa yake so ta tashi. Yaran kuma, yanzu wanda yayi shekara biyu yana danna Next me ya koya? Nawa tun da filash ya karɓi wannan aikin, lokacin da ya rage ya koyi canza sikirin da gyaran wajen caji, yanzu har ya fara riƙe mita yana bin layin wuta a allo. Baba yayi shiru, sannan yace to ka turo min fayil ɗin in gani, amma kar ka faɗawa kowa. Gashi dai ban faɗi sunansa ba.

Roƙona ga manyan makarantunmu masu koyar da kwamfuta, ɗaliban da kuke turo mana aikin sanin makama suna zuwa sun haddace ma'anar babbar manhajar kwamfuta da turanci tiryan tiryan, amma ban taɓa samun wanda ya taɓa jin sunan Sysprep ba. Darasin sati biyu ne, kwamfuta uku da siwic ɗaya sun isa. Masu makarantu da cibiyoyi kuma, in zaku bada aikin girka kwamfutoci ku tambayi mai aikin ta yaya zai yi, kuma in ya gama ya bar muku kwafin hoton a had disk na waje, ranar da ɗaya ta rikice ko malamin ɗakin zai iya mayar da ita kafin a tashi tara.

A ƙarshe Malam Edita, in Allah yasa zaku buga, ku gyara min duk kuskuren rubutu da kuka gani don a waya na rubuta ina jiran wata Dell ta gama, amma don Allah kar a taɓa sunan fayil ɗin nan, autounattend.xml, a haɗe yake ba tazara, da t biyu a tsakiya, harafi ɗaya ya ɓata Windows ko kallonsa ba zai yi ba.

Nagode, a huta lafiya.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Titin Beirut, Kano.